Dearborn, garin da ke da cibiya biyu

Wasiƙu uku na ware a wannan wata, don duk a kan garin da nake zaune suke. Tun da sunan Dearborn ya yi ta yawo a labarai lokacin zaɓen Amurka na 2024 tambayoyi ke shigowa. Na siyasa na ajiye su gefe, ba fagena ba ne. Ni akanta ne a wani kamfanin da ke yi wa masu ƙera motoci sassa, kuma tun 2007 nake biyan haraji a garin nan. Abin da na sani shi ne kasuwa da titi da takardar haraji, a kansu zan tsaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Na samu gurbin digiri na biyu a Jami'ar Michigan, reshen Dearborn. A taswira na ga garin manne yake da Detroit, amma wani abokina ya ce ai bayan gari ne. Baba, ƙauye za a kai ni? Da me mutanen wurin suke ci? Kuma mutum zai iya zama ba mota? Ɗanka, daga Samaru, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa albarka a karatun. Abokinka bai yi ƙarya ba, kalmar ce ta ruɗe ku. Mu in an ce bayan gari, gonaki da kangwaye ke zuwa mana a rai. A nan kuwa gari ne mai cin gashin kansa da ya jingina da babban birni: da magajin garinsa, da kansilolinsa, da 'yan sandansa, da 'yan kwana-kwanansa, da makarantunsa. Kai ɗan Samaru ai ka fi kowa saurin ganewa. Kowa Zariya yake ce muku, amma a takarda ƙaramar hukumar Sabon Gari kuke. In ka tsaya a titin Tireman, wannan gefe Dearborn ne, tsallake Detroit, babu ganuwa babu ƙofa. Motar 'yan sanda da motar shara da takardar haraji ne kawai ke canzawa. Daga nan zuwa tsakiyar Detroit minti 15 ne ko 20 in hanya ta yi kyau.

Da me suke ci? Ford, a taƙaice. A wata gona nan kusa aka haifi Henry Ford a 1863, da ya yi arziki kuma gida ya dawo ya sayi ƙasa iyakar ganinka. A 1917 ya fara gina masana'antar Rouge a bakin kogin da ke da wannan suna, ba a kammala ba sai 1928. Burinsa kada ya sayi komai a hannun kowa: jirgin ruwa ya sauke tama ta nan, mota ta fita da ƙafarta ta can. Wurin narka ƙarfe nasa ne, na gilashi nasa ne, tashar lantarki tasa ce, har layin dogo ya shimfiɗa a cikin gida. A shekarun 1930 mutum fiye da 100,000 ke aiki a ciki. Ƙidayar 2020 ta ce mutanen Dearborn duka, jarirai da tsofaffi, 109,976 ne. Ka ga ke nan kusan yawan garin nan na yau ne ke shiga masana'anta guda kowace rana.

Yanzu 'yan dubbai suka rage a Rouge, injuna sun karɓe sauran aikin. Akori-kurar nan F-150 ake haɗawa, wadda ita da 'yan gidansu suka shafe shekara 40 da ɗoriya ba akori-kurar da ta kai su ciniki a Amurka. Hedikwatar kamfanin na nan, da ofisoshin injiniyoyi da masu zane, sannan ga mu 'yan kanzagi, ɗaruruwan ƙananan kamfanoni masu kawo kujera da waya da fitila. A ofishinmu ba ma jiran jarida kafin mu san halin da Ford ke ciki, odar wata ce ke faɗa mana. Ina da shekara ɗaya kacal a aiki kasuwa ta rushe a 2008. A layinmu tebur tara ne, kafin bazara ta zagayo mu huɗu muka rage, kowa na aiki yana satar kallon ƙofar manaja. Kamfanonin mota na GM da Chrysler sun durƙushe a 2009 sai da gwamnati ta tallafe su. Ford ya sha ne don tun 2006 ya jinginar da kusan duk abin da ya mallaka, har da shuɗin tambarin nan nasa, ya ranto sama da dala biliyan 23. Wannan jinginar ce ta sa ban tattara na dawo gida ba.

Sai dai akwai abin da baƙo ba ya gani. Wani ɓangare na arzikin Ford inuwar giginya ne. Injiniyoyi da yawa a Canton ko Novi ko Ann Arbor suke kwana, su shigo da safe, ƙarfe biyar su hau babban titi su tafi da albashinsu. Dearborn ba ta karɓar harajin albashi kamar yadda Detroit ke yi, harajin gidaje da filaye shi ne babban abin da take dogaro da shi. Ginin kamfani na biya, amma mutumin da ke cikinsa ba lallai ya sayi ko biredi a garin ba.

Akwai wasu ƙafafun. Ga babban asibitin da ke titin Oakwood, ga hedikwatar Carhartt masu ɗinka kayan leburori, ga ta AAA reshen Michigan masu inshorar mota, ga jami'arku da aka buɗe a 1959 a filin da kamfanin Ford ya bayar, da maƙwabciyarta Kwalejin Henry Ford. Ƙafar da ni na fi girmamawa ita ce ta 'yan tireda da masu gidan abinci, ka karanta amsar da na ba Hajiya a ƙasa.

Maganar mota, ba zan ɓoye maka ba, garin mota ne, don mota aka zana shi. Akwai bas ɗin SMART da ke bin titin Michigan, ya kai ka tsakiyar Detroit ko filin jirgi, kuma yana da amfani muddin inda za ka yana bakin babban titi. Da ka kauce, sai ƙafa. A watan Yuli tafiyar minti 20 ba komai ba ce. A Janairu, iska na yanka kunne, dusar ƙanƙara ta rufe gefen titi, za ka tuna da hunturun Samaru kana kewarsa. Shekarar farko ka nemi ɗaki kusa da titin Evergreen inda makarantar take, ka haɗa kai da masu mota. In ka tashi saye, ka tambayi kuɗin inshora kafin kuɗin motar, don na Michigan yana cikin mafi tsada a ƙasar, ga ka sabon direba a idonsu. Kuma bizar ɗalibi awa 20 a mako ta yarje maka ka yi aiki, a cikin makaranta. Wani zai ce ka zo ka tsare masa kanti da daddare ya ba ka a hannu. Ka ce masa ka gode.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni 'yar kasuwa ce, atamfa da leshi nake sayarwa a Kwari. Zan je zaman jegon 'yata a Toledo, jihar Ohio, surukina kuma ya yi alkawarin kai ni Dearborn kwana biyu. Me zan gani? Ni ba mai son yawon kallon gini ba ce, kasuwa nake son gani. Hajiya, daga Kano.

AMSA: Hajiya ranki ya daɗe, Allah ya sauke ta lafiya ya raya abin da aka samu. Daga Toledo awa ɗaya ce a mota, ba wahala.

Na ji kin ce ba kya son kallo, amma ki ba ni rabin yini ɗaya. Gidan tarihin Henry Ford, wanda aka kafa a 1929, ba irin na tukwane a cikin gilashi ba ne. Mutumin nan tarin kaya ya yi kamar mai tsoron duniya za ta manta da kanta: jiragen ƙasa, injinan noma, jiragen sama, murhu, keken ɗinki. Ga kujerar da Shugaba Lincoln ke zaune a kai aka harbe shi a 1865. Kowa na nuna tabon da ke wajen kai yana cewa jini ne, masu gidan kuwa sun ce man gashi ne na mutanen da suka yi ta zama a kanta. Ga motar da aka kashe Kennedy a ciki a 1963, wadda, abin mamaki, gyara ta aka yi aka ci gaba da ɗaukar shugabanni har 1977.

Abin da nake so ki gani shi ne bas ɗin Rosa Parks, matar nan mai ɗinki da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a Montgomery ranar 1 ga Disamba 1955. Ana barin mutum ya shiga ya zauna. Ranar da na kai 'yata, tana 'yar shekara tara, mai bayani ya nuna mata kujerar, ta zauna ta ɗora jakarta a cinya. Bas ɗin ƙarami ne, Hajiya, ya fi yadda ake zato ƙanƙanta, kujerun kore masu tauri. Direba na nan gabanki, in ya juyo kusan numfashinsa za ki ji. Yarinyar ta dube ni ta ce, Abba, ashe kusa yake da ita haka. Ban ce komai ba, don abin da ke raina ke nan.

A jikin gidan akwai Greenfield Village, inda Ford ya ciro gidaje sukutum daga garuruwansu ya dasa. Shagon keken 'yan'uwan nan Wright da suka fara tashi da jirgin sama yana nan, daga Dayton aka kawo shi. Ana ɗaukar mutane a tsohuwar motar Ford samfurin Model T a zagaya da su. Amma a tsakiyar hunturu a rufe yake, sai wajen Afrilu. Daga gidan tarihin kuma bas ke kai masu son ganin yadda ake haɗa mota a Rouge. In za ku, ku je ranar aiki, don in layi a tsaye yake ƙarafa kawai za ku kalla.

To, yanzu kasuwa. Ki ce wa surukinki titin Warren, tsakanin Greenfield da Wyoming. Ba kasuwa ce mai rumfuna irin Kwari ba, dogon titi ne shago na bin shago, allunan da Larabci da Turanci: mahauta, masu gurasa, masu gyaɗa da dabino, masu abaya, masu gwal, likitan haƙori, lauya, mai aika kuɗi. Larabawa sun fara zuwa ne tun farkon ƙarnin da ya wuce, aikin Ford ya jawo su, suka zauna a gindin masana'anta. Babban zuwan ya biyo bayan yaƙin basasar Lebanon da ya ɓarke a 1975, yawanci 'yan kudu, daga Bint Jbeil da ƙauyukan kusa. 'Yan Iraƙi suka biyo bayan yaƙin 1991, 'yan Yaman kuwa ba su taɓa daina zuwa ba. Sun tarar da titin Warren shaguna da yawa a kulle, don 'yan asalin Italiya da Poland da ke wurin sun fara ƙaura zuwa sababbin unguwanni. Haya ta faɗi, suka kama. Wa ya kawo ƙane, ƙane ya tsare kanti shekara biyar, a haɗa masa jari ya buɗe nasa. Ke da kika tashi a Kwari ba sai an yi miki bayanin wannan ba. Ƙidayar 2020 ta nuna fiye da rabin mutanen garin asalinsu Gabas ta Tsakiya ne ko arewacin Afirka.

Ki shiga Shatila, gidan kayan zaƙi da aka kafa a 1979. Lamba za ki cira ki jira a kira, ga tire-tire na baklawa da kunafa jere, ma'aikata na cika kwali ana aikawa jihohi masu nisa. In yunwa ta zo, Al Ameer na nan a kan titin, sun samu lambar yabo ta James Beard a 2016, wadda masu abinci a ƙasar nan ke ji da ita. Da yamma ki nemi gidan gahawar 'yan Yaman. Qahwah House ya fara a titin Schaefer a 2017, yanzu irinsa sun bazu har New York. Ki ce a ba ki shayin Adan, mai madara da kayan ƙamshi, za ki rantse wani mai shayin Fagge ne ya haɗa.

Kin san kudancin Lebanon ɗin nan shi ne ya aika 'ya'yansa Afirka ta Yamma, har Kano ta samu titin Beirut da Kantin Kwari. Wata Asabar ina layin nama a wani shago, ina waya da maiɗakina tana lissafa min abin da zan sayo. Da na kashe, dattijon da ke bayan kanta ya goge hannu a gaban rigarsa ya ce, “Malam, tsoka zalla ko a haɗa da ƙashi?” Hausar Kano tsantsa, har da jan harshen. Na tsaya baki buɗe. Ashe a Fagge aka haife shi, mahaifinsa yadi yake sayarwa, sai da ya girma suka taso. Ya tambaye ni ko har yanzu ana gurasa a Jakara. Ya ƙara min ƙashin miya bai auna ba, mutanen da ke bayana suna ta kallonmu. Tun ranar in na je gida sai na riƙo masa yaji.

Abu biyu na 'yan kasuwa. Ba a tayi, sai dai a shagon gwal a ɗan rage miki kuɗin aiki. Kuma farashin da ke jikin kaya ba shi za ki biya ba, a wajen biya ake ƙara harajin kashi 6 cikin 100, ban da kayan cefane. Abayar da za ki gani daga Dubai da Turkiyya take zuwa, an ɗora mata kuɗin jirgi da haya da dala. Ki sayi ta tsaraba, kada ki yi sari.

Salla ba matsala. Babban masallacin titin Ford, mai ƙubba ruwan gwal, an buɗe shi a 2005, na 'yan Shi'a ne. Na unguwar Dix, wanda ke nan tun shekarun 1930, na Ahlus Sunna ne, yawanci 'yan Yaman, kuma ana jin kiran sallarsa daga titi. Akwai wasu da dama a tsakani. In da saura lokaci, gidan tarihin Larabawan Amurka na titin Michigan, shi ma 2005 aka buɗe shi. In kuma zuwanki ya faɗo a azumi, ki yi barci da rana. Ƙarfe biyu na dare titin Warren ya fi azahar cika, har kasuwar sahur an sha ci a filin ajiye motoci na babbar kasuwar Fairlane. Tun 2023 ma'aikatan hukumar garin ke samun hutun salla da albashinsu.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaci ne a sashen tsara birane a Kaduna. Na karanta cewa ƙananan garuruwan da ke kewaye da manyan biranen Amurka suna ta sake gina tsakiyar garinsu. Wa ke biya, kuma abin yana ci? Ina tambaya ne don kullum na bi ta Kakuri na ga masaƙun nan a rufe sai in rasa ta inda za a fara. Ɗan'uwanka, daga Barnawa.

AMSA: Ɗan'uwa, tun farko in cire Kakuri daga lissafi, don kada in yaudare ka. Masaƙunku sun mutu, Ford kuwa rama ya yi bai mutu ba. Ciwon ba ɗaya ba ne. Amma zan faɗa maka abin da na gani da idona, ka tsinci abin da zai yi maka amfani.

Dearborn cibiya biyu gare ta. Asali garuruwa biyu ne, Dearborn a yamma da Fordson a gabas, aka haɗe su a 1929. Kowanne ya shigo da tsakiyar garinsa, duka a kan titin Michigan, tsakaninsu kuma filayen Ford ne masu faɗi da babbar hanyar Southfield. Har yau in na ce wa yara mu shiga gari, sai sun tambaya, gabas ko yamma? Yamma ta masu hali ce tun da, gidajen bulo da manyan itatuwa. Gabas ta leburori ce da baƙi.

A 1976 aka buɗe Fairlane a wannan fili na tsakiya, katafariyar kasuwar zamani mai hawa uku, da otal na Hyatt a gefenta, har da ɗan jirgin ƙasa marar direba mai bin gada a sama da ke kai mutane daga otal zuwa kanti. Duk wanda ke da kuɗin sayayya ya koma can, ga wurin ajiye mota kyauta, ga ɗumi a hunturu. Cibiyoyin nan biyu suka fara bushewa. Yau Fairlane ɗin ce ke neman mai ceto. Babban kantin Sears da ke cikinta ya rufe a 2018, otal ɗin ma, bayan ya canza suna sau da yawa, a shekarar ya rufe. Sayayya ta intanet ta yi mata abin da ta yi wa na gabanta.

Wa ke biya? Jihar Michigan ta yi doka a 1975 da ta ba garuruwa damar kafa hukumar raya tsakiyar gari. Dearborn na da biyu, ta gabas da ta yamma. Dabarar kuɗin ita ce wannan. A shata unguwa, a rubuta darajar gine-ginenta a shekarar da aka fara. Harajin wannan daraja ya ci gaba da shiga baitulmali kamar kullum. Duk abin da ya ƙaru daga baya, saboda sabon gini ko tashin farashi, harajinsa ya tsaya a asusun unguwar, a yi fitilu, a gyara gefen titi, a dasa itatuwa, a kwashe ƙanƙara, a taimaka wa mai shago ya gyara fuskar shagonsa. A idon akanta abin yana da kyau, amma yana da sharaɗi: sai an san kowane gini, da mai shi, da darajarsa, kuma ana biya. In rajistar ba ta nan, babu ƙarin da za a kama. Kuma in an ci bashi da sunan ƙarin da bai zo ba, baitulmali ne zai biya. An yi haka a yamma: an gina benayen ajiye motoci don wasu gine-ginen da aka yi alkawari, kasuwa ta faɗi ba a gina su duka ba. Aka sa kuɗin ajiye mota don a rage asara, masu gidajen abinci suka yi ta kuka cewa ana korar musu ciniki, daga baya aka soke.

Abin da ya tashi yamma shi ne Wagner Place. Reshen Ford mai kula da filaye ya kashe wajen dala miliyan 60, aka buɗe a 2018: ƙasa shaguna da gidajen abinci, sama ofisoshin ma'aikata kimanin 600, aka bar fuskar tsohon otal ɗin Wagner na 1896 a kusurwa. Hikimar ita ce a sauko da mutanen giginyar nan ƙasa, su fito da rana su ci abinci a titi. Ya yi aiki, sai annobar 2020 ta mayar da kowa gida da kwamfutarsa, masu abincin rana suka ji jiki. Kusa da nan akwai tashar jirgin ƙasa ta John Dingell, da aka buɗe a ƙarshen 2014 da kuɗin gwamnatin tarayya, inda jirgin Chicago ke tsayawa. A gabas kuma hukumar garin ta tashi daga tsohon gininta na shekarun 1920, aka mayar da shi gidaje 53 masu sauƙin haya don masu zane da sana'ar hannu, aka buɗe a 2016.

Duk wannan na yaba. Amma ga abin da ke damuna. Titin Michigan babbar hanya ce, ta jiha, motoci na gudu a kai kamar ana bin su. Ka ci abinci a wannan gefe, ka so shan gahawa a tsallake, sai ka tsaya kana jiran fitila da yara a hannu, tirela na wucewa tana kaɗa maka riga. An zuba tukwanen furanni da kujeru, amma mutum ba ya zama inda ba ya jin maganar na kusa da shi. Titin Warren kuwa, da ba wanda ya zana shi a ofis, ba wanda ya yanka masa kyalle, shi ne ƙarfe 11 na dare za ka zagaya sau uku ba ka samu wurin tsayawa ba. Sai daga baya hukuma ta kafa masa nasa asusun. Kuma in ka lura da sababbin shagunan da ke cika yamma yanzu, da yawansu 'ya'yan mutanen Warren ne, sun yi karatu sun dawo da gahawa da shawarma cikin sabon kwano. Tsakanin 2010 da 2020 garin ya tashi daga mutum 98,153 zuwa kusan 110,000, a lokacin da Detroit ke raguwa. Baƙi da haihuwa ne suka kawo wannan, ba benen ajiye motoci ba.

Kada ka ɗauka hannu biyu aka karɓe su. Orville Hubbard ya yi magajin gari daga 1942 zuwa 1978, takensa a tsaftace Dearborn, kuma kowa ya san baƙar fata yake nufi kada su zauna. Leburori baƙaƙe da ke aiki a Rouge sai Detroit ko Inkster suke kwana. Ni da nake baƙar fata ina tuna wannan duk lokacin da na wuce tsohon ginin hukuma, inda gunkinsa ya tsaya har 2015. A zamaninsa an so a share unguwar kudu, ta gindin masana'anta, a ba kamfanoni filin. Mazauna suka kai ƙara a farkon shekarun 1970 suka yi nasara. Unguwar na nan, amma har yau ita ke shaƙar hayaƙin masana'antu da ƙurar tireloli, yara da yawa da abin fesa asma a jaka. Jikokin baƙin Larabawan nan ne suka zaɓi Abdullah Hammoud a 2021, Balarabe Musulmi na farko a kujerar.

Tun da aikinka tsara gari ne, bari in ƙara maka da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. A tsofaffin unguwanni bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan sama da na bayan gida. Daren 25 ga Yuni 2021 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, bututu ya cika, ruwa ya dawo ta magudanar ɗakunan ƙasa na dubban gidaje, gabas ta fi shan wahala. Ƙarfe uku na dare maiɗakina ta tashe ni ta ce tana jin wani abu na buga bango a ƙasa. Na haska fitilar waya daga saman matakala, sai ga firjin namanmu a kife yana yawo, ruwa baƙi ya kai mataki na huɗu. Kwalaye shida na littattafan da na taho da su daga gida, da hotunan aurenmu, duk suna ciki. Da gari ya waye kowane ƙofar gida a layinmu tsibin katifu da kafet ne, mako biyu motocin shara na kwasa. Na sake sayen firji, na ɗora shi a kan bulo. Littattafan da suka tsira, goma sha ɗaya ne, suna sama a ɗakin barci.